Motar Lantarki da Matsalar Rashin Safaya: Nazari a Kan Hanyar Ruwan Godiya

Gabatarwa

Duk direban da ya ƙware a kan hanyoyin kudancin Jihar Katsina ya san kayan da ba a tashi tafiya sai da su, wato safaya da jak da sifanar kwance taya. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, tana zuwa da safayarta rataye a ƙarƙashin but, kuma ba wanda ya taɓa tunanin za a sayar da mota ba tare da taya ta biyar ba. To, sai ga shi yawancin motoci masu aiki da lantarki da ake ƙerawa a wannan zamani ba su da safaya, ba su ma da gurbin ajiye ta. Kamfanin Tesla bai sanya safaya a cikin Model 3 da Model Y ba, haka nan Nissan Leaf da Hyundai Kona ta lantarki a kasuwannin ƙasashe da dama.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona a Legas a matsayin motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a ƙasar nan. A 2021 kuma Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin jama'a ya ƙara karkata ga irin waɗannan motoci. Wannan nazari zai bayyana dalilan da suka sa aka cire safaya, da abin da aka maye gurbinta da shi, sannan ya auna ko wannan tsari ya dace da hanya irin ta Ruwan Godiya.

Asalin Safaya

A 1888 ne John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a birnin Balfas, ya haɗa tayar iska domin keken ɗansa. A 1895 kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin suka gwada irin wannan taya a jikin mota, a tseren da aka yi daga Faris zuwa Bodo da dawowa, inda suka sha faci iri-iri kafin su kai. Hanyoyin wancan zamani cike suke da ƙusoshin takalman dawaki, saboda haka faci ya zama abokin tafiyar kowane direba. A 1904 wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da Walter Davies, masu shago a titin Stepney na garin Llanelli a yankin Welis na Birtaniya, suka fito da wata taya mai iska a ciki wadda ake ɗaura wa a gefen wadda ta sace. Har yau a Indiya da Pakistan sunan wannan titi ake kiran safaya da shi. Ashe ke nan munin hanya ne ya haifi safaya, kuma gyaruwar hanyoyin Turai da Amurka ita ce ta ba masu ƙera motoci ƙarfin halin watsar da ita. Wani bincike da Ƙungiyar Masu Motoci ta Amurka ta fitar a 2017 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na sababbin motocin wannan shekara ba su zo da safaya ba.

Dalilan Cire Ta Daga Motar Lantarki

Dalili na farko shi ne nauyi. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 9, alhali nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Batirin Hyundai Kona mai kilowat-awa 64 kuwa, wanda makamashinsa bai wuce na litar fetur 7 ba, nauyinsa ya kai kimanin kilo 450. Abin da ke ceton motar shi ne injin lantarki yana juya kusan kashi 90 cikin ɗari na makamashinsa zuwa tafiya, shi kuwa injin fetur yana ɓarnatar da kusan kashi biyu cikin uku a matsayin zafi. Duk da haka, Kona ta lantarki tana kusan kilo 1,700, 'yar'uwarta mai fetur kuma tana wajen kilo 1,300. Don haka injiniyoyi ke neman duk abin da za su sauke, kuma safaya da jak, masu nauyin kilo 15 zuwa 25, suna cikin na farko da ido ke kai wa.

Dalili na biyu shi ne wuri. Ana shimfiɗa batir ne a ƙarƙashin daɓen motar, tsakanin tayoyin gaba da na baya, sannan a wasu motocin injin baya da na'urorin caji sukan cinye ramin da a da ake kwantar da safaya a ciki. Dalili na uku kuwa kuɗi ne, domin taya da wili da jak da aka rage a kan mota dubu ɗari ba ƙaramar riba ba ce ga kamfani.

Yana da kyau a gwada dalili na farko da lissafi. Turjiyar da taya ke yi yayin birgima a kan kwalta tana kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyin da ke kanta. Idan aka ƙara kilo 20, ƙarin turjiyar ba ta wuce niyuton 2 ba. A tafiyar kilomita 100 wannan zai ci jul 200,000, wato kimanin kilowat-awa 0.06. Motar kuwa tana shan wajen kilowat-awa 15 a wannan nisa. Ke nan asarar ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Motar da ke yin kilomita 400 da caji ɗaya za ta yi asarar kilomita 2 ko ƙasa da haka. Ga kamfanin da ke gasar lambobi a takardar talla wannan abin dubawa ne. Ga direban da tayarsa ta fashe a daji kuwa, kilomita 2 ba komai ba ne.

Yadda Taya Ke Ɗaukar Nauyi

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota. Idan aka raba kilo 1,700 gida huɗu, kowace taya tana ɗauke da kilo 425. Iskar da mai faci ke kira 36 a gejinsa daidai take da matsin kilo biyu da rabi a kan kowane santimita murabba'i. Idan aka raba 425 da 2.5 za a sami santimita murabba'i 170, wato kwatankwacin faɗin hannun babban mutum daga wuyan hannu zuwa bakin yatsu. A kan waɗannan tafuka huɗu kaɗai motar ke tsaye, da su take juyawa, da su take taka birki.

Idan iska ta ragu, sai tayar ta baje domin ta sami faɗin da zai ɗauki nauyin, gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane zagaye. Wannan lanƙwasa tana haifar da zafi, zafin kuma ya raba danƙo da wayoyin da ke cikinsa, daga nan sai fashewa. Har ila yau, matsin iska yana bin yanayin zafi. Tayar da aka ba iska 35 da sanyin safiyar hunturu, ma'aunin zafi yana kan digiri 15, za ta nuna kusan 40 idan iskar cikinta ta kai digiri 45. Shi ya sa ake auna iska da safe kafin mota ta motsa, kuma kuskure ne a sace iskar tayar da ta yi zafi a tsakiyar tafiya.

Tayar motar lantarki tana da wata lalura ta daban. Gefen tayar Fijo 504 yana da tsayin milimita 140 zuwa 150, na Kona kuwa bai wuce 118 ba, ga shi nauyin da ke kansa ya fi yawa. Idan irin wannan taya ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, sai gefenta ya matse tsakanin wili da bakin kwalta ya tsage, ko ya yi ƙulu. Bugu da ƙari, injin lantarki yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tashi, abin da ke sa tayoyin saurin cinyewa idan ƙafar direba tana da nauyi.

Abin da Aka Maye Gurbin Safaya da Shi

A maimakon safaya, kamfanoni suna ba da ɗan akwati mai ɗauke da famfon iska na lantarki da kwalbar ruwan danƙo. Ana ɗura ruwan ta bakin bawul tare da iska, a tuƙa motar na 'yan kilomitoci, sai ruwan ya zagaye cikin tayar ya toshe hujin. Wannan dabara tana aiki ne da sharuɗɗa. Dole hujin ya kasance a fuskar tayar da ke taka ƙasa, faɗinsa kada ya wuce milimita 4 zuwa 6, kuma bayan liƙin ba a wuce gudun kilomita 80 a awa. Ruwan ba ya maganin gefen da ya tsage, ko wilin da ya lanƙwashe, ko tayar da aka taka ba iska har ta lalace. Kwalbar amfani ɗaya gare ta, tana kuma da ranar lalacewa a rubuce a jikinta.

Akwai kuma tayoyi masu ƙarfafan gefe waɗanda ke iya ci gaba da tafiya ba iska har kimanin kilomita 80. Sai dai suna da tsada, galibi ba a yi musu faci, kuma samun madadinsu a wajen manyan birane abu ne mai wuya. Abu na uku da kamfanonin suka dogara da shi shi ne waya: direba ya kira, a turo masa babbar mota ta ɗauke shi. Duk waɗannan dabaru an gina su ne bisa zaton hanya lafiyayya ce, sabis ɗin waya yana nan, masu agaji suna kusa, kuma tsayawa a bakin hanya ba ta da haɗari.

Hanyar Ruwan Godiya a Matsayin Ma'auni

Ruwan Godiya gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan hanyar da ta haɗa Sheme da Ƙanƙara. Yanki ne na noma, inda ake fitar da masara da dawa da auduga da waken soya zuwa kasuwannin Sheme da Funtuwa. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka, sai burji da tsakuwa da zaizayar damina, ga ƙayar bagaruwa da ta aduwa, ga kututturen kara bayan girbi. Ƙaya da ƙusa suna huda fuskar taya, kuma ruwan danƙo zai iya maganinsu. Rami da dutse da kututture kuwa gefe suke tsagawa, inda ruwan ba shi da amfani.

Sannan ga matsalar tsaro. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wahalar 'yan bindiga. A ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, har zuwa Disamba na wannan shekara. A irin wannan hali, direban da ya dogara da kiran agaji ya dogara ne da abin da ba ya hannunsa. Mai safaya zai canza taya cikin minti 15 zuwa 20 ya ci gaba. Marar safaya sai ya kwance tayar, ya nemi ɗan acaɓa ya kai shi wurin mai faci, ya bar motar da fasinjojinta a bakin hanya, kuma idan tayar ba ta gyaruwa sai an nemo girmanta a Funtuwa ko Zariya ko Kano. Wannan yana iya cin yini guda, dare kuma ya riske su.

Jan motar da igiya ma ba mafita ba ne. Injin lantarki a haɗe yake da tayoyin da yake turawa, don haka idan aka ja motar suna birgima, sai injin ya koma janareta, wutar da yake haifarwa tana iya lalata na'urorin motar. Masu ƙera ta sun ce a ɗora ta ne a kan babbar mota. Daɗin daɗawa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa tuƙi ba safaya cikin laifuffukan hanya.

Yadda Ake Zaɓen Safaya

Ba kowace tayar da ta shiga ce ta dace ba. Akwai abubuwa biyar da za a duba:

1. Girma. A gefen tayar Kona an rubuta 215/55 R17 94V. Lamba 215 faɗin tayar ne a milimita. 55 tana nufin tsayin gefe kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin. 17 kuma faɗin wili ne a inci. Tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 668. Kada bambancin safaya da wannan ya wuce kashi 3 cikin ɗari, domin kwamfutar motar tana ƙidaya zagayen kowace taya don sarrafa birki, kuma bambanci mai yawa yana rikita ta.

2. Lambar nauyi. Lamba 94 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 670. 91 kilo 615 ce, 98 kuma kilo 750. Ba a sa wa mota tayar da lambarta ta gaza wadda kamfani ya ƙayyade, ko da girmansu ɗaya.

3. Ramukan wili. Kona da Leaf da Model 3 da Toyota Camry duk noti 5 gare su a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, amma ramin tsakiya ya bambanta: na Hyundai 67.1, na Nissan 66.1, na Tesla 64.1, na Toyota 60.1. Wilin Camry ba zai shiga Kona ba.

4. Birki. Motoci masu nauyi suna da manyan birkuna, ƙaramin wili kan iya gogar su. Sai an ɗaura safayar gaba da baya an juya ta da hannu a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Shekaru. Lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, ciki har da na gwanjo da suka tsufa. Danƙo yana bushewa ko da ba a taka shi ba.

Akwai siririyar safaya ta wucin gadi, wadda ake ba iska 60 kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ta fi sauƙin ajiya, amma a kan burji da ramuka cikakkiyar taya irin ta motar ta fi aminci.

Inda Za a Ajiye Ta

Safayar da aka jefa cikin but ba ɗauri haɗari ce. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta yi karo ta tsaya nan take, taya mai kilo 20 za ta ci gaba da tafiya da makamashin jul 1,900, daidai da a sako ta daga tsayin mita 10. A gudun kilomita 100 makamashin yana ninkawa sau huɗu, kamar an sako ta daga mita 39. A motocin da but ɗinsu ke haɗe da ɗakin fasinja, kawunan mutane ne a gabanta. Saboda haka a kwantar da ita a jingine da bayan kujera, a ɗaure ta da ɗamara biyu masu ƙarfi a gicciye, a jikin zobban ƙarfe da aka tanada a daɓen but. Jak da sifana ma a ɗaure su.

Ɗora ta a kan rufi yana ƙara turjiyar iska, wadda ke cin batir fiye da nauyin tayar nesa ba kusa ba, ga rana tana gasa danƙon. Babban abin kiyayewa kuwa shi ne kada a bar mai walda ya huda daɓen motar ko ya yi walda a ƙarƙashinta don yin maratayi irin na Fijo. Batir mai ƙarfin bolt 350 zuwa 400 yana wurin, kuma duk waya mai ruwan lemo da aka gani ta babbar wuta ce.

Canza Taya

Motar lantarki ba ta ƙara ko tana kunne, don haka sai a tabbatar an kashe ta, an sa giyar tsayawa da birkin hannu, an tokare tayoyi da duwatsu. A sassauta notuna kafin a ɗaga. Jak ɗin ya zama mai ɗaukar nauyin motar, a kafa shi a kan katako mai kauri idan ƙasa tana da laushi, kuma a wuraren da littafin motar ya nuna kaɗai. Idan aka kafa shi a jikin akwatin batir, ƙwayoyin ciki kan iya matsewa su haɗa wuta, gobarar batirin litiyam kuwa tana da wuyar kashewa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak. A ɗaure notuna a tsallake, ɗaya da na daura da shi, a sake duba su bayan kilomita 50.

A wurin mai faci kuma a sanar da shi abu biyu. Galibi akwai 'yar na'urar auna iska a gindin bawul daga ciki, wadda ƙarfen ɓanɓare taya ke iya karyawa. Wasu tayoyin kuma suna da soso manne a ciki don rage ƙara, sai an yanke shi daidai wurin hujin kafin faci ya kama.

Kammalawa

Lissafi ya nuna ɗaukar safaya ba ya rage wa motar lantarki nisan da ya wuce kilomita 2 a cikin 400, kuma ainihin abin da yake ci shi ne wurin kaya da kuɗin saye. A ɗaya ɓangaren, rashinta a hanya irin ta Sheme zuwa Ƙanƙara yana iya jawo kwana a daji. Ya kamata mai sayen irin wannan mota ya sa kuɗin safaya da jak da ɗamara cikin kuɗin motar, ya kuma riƙe famfon iskar da ta zo da shi. Haka nan ya dace masu harhaɗa motoci a Nijeriya da hukumomin da ke sa musu ido su mayar da gurbin safaya sharaɗi ga duk motar da za a sayar a ƙasar nan.

Ɗalibin da ke son gwada abin da ya karanta yana iya zuwa tashar mota mafi kusa, ya kwafi rubutun gefen tayoyin motoci 10, ya fitar da tsayin gefen kowace da shekararta, sannan ya nemi izinin direbobin ya auna iskar safayarsu ya kwatanta da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.